Motar da ta koma zaure: muryoyin waya a hanyar Paraku da Jugu

Tsakanin Paraku da Jugu, wadda ake rubutawa Djougou a allunan hanya, tafiyar kilomita kusan 135 ce, awa biyu da 'yan kai idan mota lafiyayya ce kuma ba a yi ta tsaye-tsaye ba. Duk wanda ya bi wannan hanya a motar haya cikin 'yan shekarun nan ya san abin da ake ji a cikinta ya canza. A da rediyo ne, ko kaset ɗin Shata, ko karatun Alƙur'ani da safe. Yanzu wayar direba ce ke magana ta lasifikar mota, daga tashi har sauka.

Murya ta farko ta faɗi yadda aka wayi gari da canjin naira da sefa. Ta biyu ta ce wata babbar mota ta faɗi a kwana, a bi a hankali. Ta uku sanarwar rasuwa ce, a yi salati, motar ta yi tsit na ɗan lokaci. Sai wani ya shigo da Dendi, wani ya amsa masa da Hausa, wani ya tsoma Faransanci a tsakiya. Fasinjan da ya biya kuɗin kujera ɗaya ya sauka a Jugu da labarin kasuwa uku, da rigimar wasu mutane biyu da bai taɓa gani ba, wani lokacin har da abin da matar direba ta ce a sayo mata.

Kamfanonin ƙera motoci da na waya sun daɗe suna tallar wannan abu da manyan sunaye. Apple ya fito da CarPlay a 2014, Google ya biyo da Android Auto a 2015, dukansu don a haɗa waya da allon mota. A 2020 manhajar Clubhouse ta fito da ɗakunan hira na murya zalla, duniya ta ruɗe a kanta, Twitter ma ya buɗe nasa mai suna Spaces. Ana ta rubuce-rubuce a Turai da Amurka cewa mota ce za ta zama babban wurin sauraron irin wannan hira, tunda idon direba yana kan hanya amma kunnensa a sake yake. Guguwar Clubhouse ta lafa tun tuni. A hanyoyin arewacin Benin kuwa abin ya zauna daram, sai dai ba ta ƙofar da kamfanonin suka buɗe ya shigo ba. Ta saƙon murya na WhatsApp ya shigo, wanda mutanen Najeriya ke ce wa “boyis”, na wannan gefen kuma “bokal”.

Daga jagaba zuwa guruf

Jugu ba baƙuwar fatake ba ce. Tun kafin Bature ya shata iyaka, ayarin goro da ya taso daga Kano ko Sakkwato yana ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu ta wajen Nikki ko Paraku, ya yada zango a Zugu, kamar yadda mutanen da suke kiranta, kafin ya miƙa Gwanja, kasuwar Salaga. Unguwar Wangara ta Jugu shaida ce har yau. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi guda a kan wannan fatauci a 1980, ya bi sawun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayarin yana da shugabanni: madugu a sama, uban dawaki mai kula da kuɗin fito da na hanya, sai jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya, ya san inda ruwa yake, inda sarki ya ƙara haraji, da inda mahara suka yi kwanto.

Aikin jagaba ne guruf ɗin direbobi da na 'yan kasuwa suka gada. Bambancin kawai shi ne jagaba mutum ɗaya ne da aka sani, aka san ubansa, idan ya yi ƙarya a fuskarsa za a gani. Guruf ɗin WhatsApp kuwa yana ɗaukar mutum har 1,024, kuma kowa jagaba ne.

Ba a banza murya ta fi rubutu karɓuwa a nan ba. Da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwarmu allo suka yi, ajami suke karantawa, boko bai zauna musu ba, balle Faransancin da ake rubuta takardun hukuma da shi. Ga harsuna barkatai: Dendi a kasuwa, Yom da Lokpa a ƙauyukan Jugu, Baatonum a Paraku, Fulatanci a ruga. Kaɗan ne suka iya rubuta waɗannan harsuna, amma kowa ya iya faɗa. Kuma murya tana ɗauke da abin da rubutu ba ya ɗauka: ka ji mutum ya faɗi farashi, ka gane daga yadda ya ja numfashi ko akwai ragi a ciki. Tsofaffi za su tuna lokacin da ɗan ci-rani ke ɗaukar magana a kaset ya ba direba ya kai gida, a taru a tsakar gida a saurara. WhatsApp ya sa saƙon murya a 2013, kuma a 2022 kamfanin ya ce ana aika irinsa biliyan 7 a kowace rana a duniya. Mu dai kaset ɗinmu ne aka mayar mana, aka cire masa kwana ukun hanya.

Akwai kuma dalilin da sai wanda ya saba shiga ƙauye zai gane. Ɗauki Bariénou, ɗaya daga cikin gundumomi 12 na ƙaramar hukumar Jugu, a gabas da garin. Ƙasar noma ce: doya, masara, kashu, kaɗanya, waken suya. Mai sayen kaya ba ya tsayawa a bakin babbar hanya, sai ya sauka ya bi burji zuwa inda manomi yake. A irin waɗannan wurare rezo yana zuwa yana ɗaukewa. Kiran waya yana yankewa a tsakiyar ciniki, hirar kai-tsaye irin ta Clubhouse ko TikTok kuwa ba a ma maganarta. Amma saƙon murya yana da haƙuri. Ka ɗauka a gona, ya zauna da ɗan agogonsa a gefe, in an hau tudu rezo ya dawo ya tafi da kansa. Minti ɗaya na magana bai kai rabin mega ba. Ga wanda ke ƙetare iyaka kuma, ya cire layin MTN ko Moov ko Celtiis ya sa na Najeriya ko na Togo, WhatsApp ɗinsa yana nan a kan lambar da aka san shi da ita.

Shekarun nan kuma sun sa labarin hanya ya yi tsada. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai a Najeriya, farashin kpayo, man da ake sayarwa a kwalabe a bakin titin Benin, ya yi tsalle cikin kwanaki. Kimanin makonni biyu bayan haka aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Sannan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya rufe gadar Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi layi na makonni, wasu kaya suka ruɓe, aka koma zagaye ta Togo da Burkina Faso. Paraku, wadda tun zamanin jirgin ƙasa ita ce inda ake sauke kayan Nijar a ɗora wa manyan motoci, ta ji a jikinta. A irin wannan yanayi, wanda ya riga jin labari da awa ɗaya ya riga cin riba, ko ya tsira da uwar kuɗi. Ba wanda zai ce wa direba ko mai kaya ya kashe waya ya saurare shi.

Abin da ke maƙale a gaban mota

Yawancin motocin da ke wannan hanya 'yan Kwatano ne, an gama cin ƙuruciyarsu a Turai kafin su sauka a tashar jirgin ruwa. Ba su san CarPlay ba. Abin da ke haɗa su da waya ɗan ƙaramin abu ne da ake cusawa a ramin kunna taba, ana sayar da shi a kowace tasha. Waya ta aika masa sauti ta Bluetooth, shi kuma ya watsa shi kamar ƙaramin gidan rediyo a kan zangon FM, tsakanin 87.5 da 108, sai a murɗa rediyon mota zuwa lambar da ya nuna. Shi ke nan, tsohuwar mota ta zama “mai haɗi”. Yana karɓar memori da filashi, yana cajin waya, kuɗinsa bai kai na mai ɗin tafiya ɗaya ba.

Wanda ya ɗan fi ƙarfi sai ya cire rediyon asali ya sa allon Android ɗan Chana, mai faɗin faranti. A nan ne ya kamata a tsaya a duba. CarPlay da Android Auto, duk da tallarsu, an yi su da takunkumi da gangan: ba sa barin a kalli bidiyo mota tana tafiya, ba sa nuna doguwar hira a karanta, sai dai na'ura ta karanto maka saƙo ka amsa da baki. Allon da ake sawa a gareji kuwa kwamfuta ce sukutum, ba mai hana ta komai. YouTube yana buɗewa, TikTok yana buɗewa, fim ɗin Kannywood yana tafiya a gefen sitiyari mota tana gudun 90. Fasinjan gaba yana jin daɗi, ba ya tuna cewa idon da ke satar kallon allon shi ne idon da ke riƙe da ransa.

To ko wanda ya sayi mota sabuwa mai CarPlay ɗin, bai tsira ba. Na'urar da ke karanto saƙo an koya mata Turanci da Faransanci da Larabci. Siri ba ta jin Hausa, balle Dendi ko Yom. A rubuto maka “an sauke kaya lafiya” ka ji yadda muryar Faransanci za ta tauna shi, sai ka rantse wani yare ne. Google ya ɗan matsa: a Oktoban 2024 ya sa Hausa cikin harsunan Afirka da ake iya yi wa bincikensa da allon rubutunsa magana da su. WhatsApp ma ya fito da mayar da saƙon murya rubutu a ƙarshen 2024, amma da harsuna ƙalilan ya fara, ba Hausa a ciki. Ƙari a kan haka, ƙananan wayoyi masu araha da ke aiki da Android Go, irin waɗanda suka cika aljihun yaran kasuwa, Android Auto ba ya hawa kansu sam.

Ma'ana, duk dabarar da aka yi don hannun direba ya zauna a kan sitiyari, an yi ta ne don mai rubutu da harshen Turai. Namu direban, don ya ji saƙo, sai ya ɗauki waya, ya buɗe ta, ya nemo guruf ɗin a cikin guruf ashirin, ya gangara zuwa inda ya tsaya, ya danna. Don ya amsa, sai ya danne alamar makirufo da babban yatsa yana magana. Lasifikar mota ta 'yantar da kunne, ba ta 'yantar da hannu da ido ba.

Lissafin daƙiƙa biyar

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Neman saƙo ɗaya a waya, in an yi sauri, daƙiƙa biyar. Mita 110 ke nan, tsawon filin ƙwallo har da ɗoriya, mota tana tafiya ba mai kallon gabanta. A hanyar da babur ke fitowa daga gona ba sigina, shanu ke ƙetarewa, yara ke dawowa daga makaranta a gefen kwalta, manyan motocin auduga ke cin rabin titi a lokacin kaka. Kuma lokacin da aka fi ɗaukar wayar shi ne mafi muni: daidai inda aka fito daga daji aka shigo rezo, saƙonnin da suka taru suka fara shigowa a jere, wato daidai bakin gari, inda mutane suka fi yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ta kuma ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki huɗu, sannan ta ƙara da abin da mutane ba sa son ji: magana ta lasifika ba tare da riƙe waya ba ba ta fi aminci da wani abin kirki ba. Matsalar ba a hannu kaɗai take ba, a kai take. Wani bincike da David Strayer na Jami'ar Utah ya jagoranta a Amurka a 2015 ya gano cewa bayan direba ya gama ba na'urar mota umarni da baki, hankalinsa kan iya ɗaukar har daƙiƙa 27 kafin ya dawo kan hanya gaba ɗaya. A gudun 80, wannan mita 600 ne.

Direbobi suna da amsa, kuma ba ta wofi ba ce. Za su ce maka hirar ce ke hana su gyangyaɗi, musamman mai tafiyar dare daga Kwatano, kilomita sama da 400 kafin Paraku. Za su ce ai da ma ana hira da fasinja, me ya bambanta? Na farkon gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a yi tafiya shiru kamar makabarta. Karatu, wa'azi, waƙa, littafin da ake karantawa, labaran BBC ko RFI da aka sauke tun a tasha, duk waɗannan sauraro ne, ba sa neman amsa. Na biyun ne ba daidai ba. Fasinjan da ke gefenka yana ganin hanyar da kake gani. In babbar mota ta taso, shi da kansa zai yi shiru, ko ya ce “Malam, a hankali”. Wanda ke cikin waya yana zaune a rumfarsa a kasuwar Arzeke, bai san kana kwana ba, yana ta faɗa maka cewa buhu goma sun ɓata a lissafi. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, kuma saƙon da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ya fi sa a amsa nan take.

Doka ma ta shigo. Tun daga Maris 2024 'yan sandan Police républicaine suka tsananta kame a kan laifukan hanya. An fi jin labarin hular kwano, amma waya a kan tuƙi tana cikin jerin. A Najeriya ma jami'an FRSC suna cin tara a kanta. Sai dai ɗan sanda yana ganin wayar da ke kunne ne, ba ya ganin wadda ke kan cinya.

Maganin da ya fi dacewa da mu tsoho ne, yana ma zaune a cikin motar. Yaron mota, wanda Ɗan Maraya Jos ya yi wa waƙa da sunan karen mota, a nan kuma ake ce masa aparanti, shi ya kamata ya riƙe wayar guruf. Ya saurara, ya tace, ya faɗa wa maigidansa abin da ya shafi hanya a jimla ɗaya, ya amsa da “an ji, muna tafe”. Alhajin da ya ɗauki shatar mota yana zaune a gaba ma haka: kayansa ne a baya, shi ya fi kowa asara in an faɗi, to shi ya karɓi wayar. Abin da ke hana wannan ba wuya ba ce, sirri ne. Direba ba ya son yaronsa ya ga abin da ke cikin wayarsa. Waya ta biyu mai araha, wadda ba komai a cikinta sai guruf ɗin hanya, ta fi kuɗin gyaran gaban mota sauƙi.

Kunnuwa goma sha takwas

Motar da ta ɗauki mutum tara tana da kunne goma sha takwas, kuma Bluetooth ba ya tantance saƙo. Da zarar an haɗa, duk abin da waya ta furta lasifika zai bi. Dabarar nan ta kara waya a kunne don saƙo ya fito a hankali ba ta aiki in sautin yana tafiya ta mota. Sannan WhatsApp yana da hali: in mutum ya turo saƙonnin murya a jere, ka kunna na farko, sauran za su biyo da kansu. Na farko gaisuwa ce. Na biyu shi ne wanda ake cewa an ba ka miliyan biyu ka kai wa wane a Jugu, suna cikin buhun da ke ƙarƙashin kujera. Kafin hannu ya kai ga waya magana ta fita, kuma magana zarar bunu ce.

Ɗan abin nan na ramin taba ma gidan rediyo ne na gaske, ko da ƙarami. Duk rediyon da ke kusa da 'yan mitoci, in yana kan lamba ɗaya, zai kama. A tasha, inda motoci ke jere ƙofa da ƙofa kuma yawancin mutane ba sa canza lambar da suka sayo shi da ita, ba abin mamaki ba ne ka ji hirar maƙwabcinka a motarka.

Guruf ɗin kansa ya fi motar yawan kunnuwa. Mutum ɗari biyar, an san hamsin. Sauran wani ne ya sa wani, wani ya sayar da waya da layinta, wani an ƙwace masa WhatsApp ta hanyar da aka saba: a kira ka a ce ana taron ƙungiya, an turo maka lamba shida, karanto ta. Direban da ke tuƙi, hankalinsa a rabe, shi ne ya fi saurin karantowa. Daga nan sai ɓarawo ya zauna a guruf da sunansa da hotonsa, yana jin wa ya taso, da wane kaya, ƙarfe nawa, yana kuma neman a tura masa kuɗi ta MoMo. Masu tare hanya ba su ƙare ba, kuma kowa ya san halin da can arewa, wajen dazukan W da Pendjari, ke ciki. Madugun da bai taɓa shelar ranar tashinsa a kasuwa ba. Labarin rami da shinge da haɗari na kowa ne, a faɗa. Lokacin tashi da abin da aka ɗauko na mutum biyu ne, mai aikowa da mai karɓa. Lambar sirri ta mataki biyu da WhatsApp ke ba da damar sawa kuwa, minti biyu ne aikinta.

Sai ji-ta-ji-ta. Murya tana da saurin shiga zuciya, musamman in mai maganar yana haki yana rantsuwa. Saƙon harin da aka yi shekara biyu da suka wuce a wata ƙasa yana iya dawowa yau a ce a hanyar Jugu ne, motoci su juya, kaya su kwana. Kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019, wanda aka yi ta yaɗawa kuma zuwa wuri ɗaya a 2020, amma wannan bai hana komai a tasha ba. Baƙo ya kuma sani cewa Benin tana da dokar intanet, Code du numérique, da ta fara aiki a 2018, kuma an ɗaure mutane a ƙarƙashinta saboda abin da suka wallafa, har da ɗan jarida Ignace Sossou a Disamban 2019. Wanda ya tura ƙarya a kan wani ba zai kare kansa da cewa shi ma turo masa aka yi ba. Guruf ɗin da ke da amfani shi ne wanda shugabanninsa suka sa ƙa'ida: duk mai ba da labarin hanya ya fara da sunan wurin, da ranar, da ƙarfe nawa, da ko shi ya gani da idonsa.

Uwargida, ke ma kina cikin motar

Ba duka saƙonnin daga kasuwa suke ba. Mai yiwuwa waɗanda suka fi sa direba ɗaukar waya daga gida suke. Hajiya ta tura murya, ta ga alama biyu sun nuna ya shiga, minti goma ba amsa, ta sake turawa, ta kira, ta sa yaro ya kira. Ba laifinta ba ne, tsoro ne, kuma wadda mijinta ke kwana a hanya ta san abin da take tsoro. Amma kiran da aka yi don a ji ko yana lafiya shi ne ke sa ya saki sitiyari da hannu ɗaya. Maigida ma yana da nasa: shi ne ya saba amsawa nan take, har shirunsa ya zama abin tashin hankali.

Gidajen da suka huta su ne waɗanda suka yi yarjejeniya. Zan kira in na tashi, zan kira in na tsaya sallar azahar, zan kira in na sauka. Abin da ya faru tsakani, in ba rai ba ne, ya jira. In na gaggawa ne a kira yaron mota, a ba uwargida lambarsa. Akwai kuma abin da WhatsApp ya sa tun 2017, na nuna inda mutum yake kai-tsaye na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Maigida ya kunna wa mutum ɗaya a gida kafin ya tayar da mota, ta riƙa ganin ɗigon yana tafiya ba sai ta tambaya ba. Yana cin caji, kuma in an shiga inda ba rezo ɗigon zai tsaya wuri ɗaya, to a faɗa mata wannan tun farko don kada tsayuwarsa ta zama wani sabon tashin hankalin. Kuma ita kaɗai, ba guruf ba.

Labari mai nauyi, rasuwa ko gobara ko rashin lafiyar yaro, ba a aika shi ta murya ga wanda ake zaton yana kan hanya. Iyayenmu ba sa faɗa wa mutum rasuwa yana tsaye, sai sun zaunar da shi. Wanda ke tuƙi da mutum tara a bayansa ya fi cancanta a jira ya tsaya.

Ranar da ta yi shiru

Duk wannan gini a kan igiya ɗaya yake rataye. A 2018 gwamnatin Benin ta sa harajin sefa 5 a kan kowane mega na shafukan zumunta, matasa suka yi ca, aka janye shi a watan Satumba. Ranar zaɓen 'yan majalisa, 28 ga Afrilun 2019, an yanke intanet a ƙasar. Ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Benin tana cikin ƙasashen da abin ya fi taɓawa. A kowace irin wannan rana, wanda ya dogara da guruf kaɗai ya koma makaho, wanda ke da lambobin mutanensa na kira kuma ya ci gaba da harkarsa.

A nan akwai wani ɗan tarko da har yanzu yake kama baƙi. Tun 30 ga Nuwamban 2024 lambobin wayar Benin suka tashi daga takwas zuwa goma, aka ƙara 01 a gaban kowacce. Iyalan da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi, waɗanda kullum ta WhatsApp suke magana da maigida, da yawa ba su taɓa gyara lambar a wayarsu ba, don ba su taɓa buƙatar kiran layi ba. Ranar da intanet ta ɗauke ne za su danna tsohuwar su ji ba ta shiga. A gyara ta yau: +229, sai 01, sai tsofaffin lambobi takwas. A yi wa ta yaron mota haka, da ta maigidan da ake sauka wurinsa a Jugu ko Paraku, a kuma rubuta su a takarda a ajiye ɗaya a gida, ɗaya a aljihun gaban mota tare da takardun inshora.